Na-Riga da Motar da Ke Tara Kuɗi da Yawo

A layin da ke bayan tsohuwar tashar mota an yi wani mai gyaran fanka da ake kira Na-Riga. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Duk abin da za ka gaya wa mutumin nan, kafin ka kai tsakiyar magana ya tare ka da "na riga na sani." In ka ce za a yi ruwa, ya riga ya sani. In ka ce ba za a yi ba, wannan ma ya riga. Akwai ranar da aka zo gaya masa bayan rigarsa ya kama wuta wajen liƙa waya, sai da ya ce ya riga ya sani, sannan ya daka tsalle.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, fankoki rataye ko'ina, wata ba kai, wata ba fiffike. Amma ba fanka ke ciyar da gidan ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Mai Ƙwai, ita ke da ɗakin kaji a bayan gida, kuma kullum da safe tana kai ƙwai gidan burodin da ke bakin shatale-tale. Wannan cinikin shi ne cefane, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne ma kuɗin askin Na-Riga.

Ɗaukar kayan ce matsala. Masu motar haya yau su zo, gobe su ce taya ta yi faci. Mai Burodi kuwa mutum ne mai gajeren haƙuri da doguwar murya. Ya gaya mata a gaban ma'aikatansa cewa in ya kwaɓa fulawa ba ya tsayawa jiran kowa, kuma in ta sake makara, akwai masu ƙwai da yawa da ke jiran ya ɗaga musu yatsa. Mai Ƙwai ta dawo gida. Ta sayar da ɗan filin da ta gada wurin mahaifinta, ta ɗora kuɗin a hannun mijinta, tun da ya shekara yana rantsuwa cewa ya san mota kamar shi ya haife ta.

"Baban yara, a-kori-kura nake so, ƙarama, mai shan fetur, irin ta Mai Katako maƙwabcinmu. Daga nan zuwa gidan burodi ne kawai. Abin da ya yi saura na abincin kaji ne."

Ya ce ya riga ya sani.

A wurin sayar da motoci ya haɗu da dillali wanda, abin mamaki, gaskiya yake faɗa. Dillalin ya nuna masa guda biyu. Ya ce mai fetur tana da sauƙin saye, kayan gyaranta kamar yashi, sabis ɗinta ba ya karya mutum, aibinta ɗaya tana sha. Mai dizal kuma tsada wajen saye, baƙin man da take ci ya fi yawa, filtocinta sun fi kuɗi, in nozul mai fesa mai cikin inji ya lalace sai ka tuna da duk wanda ka taɓa yi wa alheri. Sai dai ita kurɓa take yi ba sha ba. Saboda haka ga mai doguwar tafiya, kowace kilomita tana ɗan mayar masa da wani abu, har wata rana ta biya bambancin kuɗin saye, daga nan kuma riba.

Dillalin ya ci gaba da cewa amma ga mai ɗan zirga-zirgar cikin gari ba ta da amfani, sai dai a lokacin Na-Riga ya riga ya rufe kunne. Maganar nan ta kowace kilomita tana mayar maka ta shige kansa ta ja ƙofa ta sa sakata. Ya zagaya mai dizal ɗin, ya buga tayarta da ƙafa, ya shinshina salansa kamar mai zaɓen kankana. Da dillali ya tambaye shi ina zai riƙa zuwa da ita, sai ya ce ko'ina. Ya zazzage kuɗin duka, har da na abincin kaji, ya ƙara da agogon hannunsa.

Layin ya ji zuwansa kafin ya gan shi. Ƙarar injin ta sa kaji suka yi tsit, hayaƙi ya shiga shagon Mai Aski ya fito ta taga. Mai Ƙwai ta tsaya a ƙofar gida hannu a ƙugu, ta dubi motar daga gaba zuwa baya, ta ga ta fi ƙofar gidan tsawo. Ta tambayi canji.

"Canjinki yana cikin motar nan, Maman yara," in ji shi, yana shafa bonet. "Da tafiya yake fitowa. Yawan tafiya, yawan canji."

Ta ce in ya fito ya kawo mata, ta koma wurin kajinta.

Washegari ya kai ƙwai a kan lokaci. Amma da ya dubi mitar tafiya ya ga ko motsin kirki ba ta yi ba, sai ransa ya ɓaci. A irin wannan tafiyar sai jikokinsa ne za su ga ribar. Ya zauna a kujerar direba ya yi lissafi da yatsu, lissafin ya fito fes: in kilomita ɗaya tana mayar da kaɗan, kilomita da yawa za su mayar da mai yawa, kuma duk sa'ar da motar ta yi a tsaye asara ce tsagwaronta. Ya kulle shagon fanka, ya kama hanyar da ta zagaye gari.

Haka aka fara. Da safe ƙwai, daga nan yawo. Ya zaga ta bayan asibiti, ya ɓulla ta wajen masu sayar da itatuwa, ya wuce gidan ruwa, ya dawo, ya sake. Bayan motar wayam, sai wata tsohuwar tabarma da ke tashi sama tana sauka. Da yamma ya zauna a bencin ƙofar Mai Aski, inda mazan layin ke taruwa, ya ba da rahoto. Yau ya ajiye kuɗin buhun abincin kaji. Jiya ya ajiye na buhu da rabi, don ya bi ta hanyar filin jirgi. Mai Aski, wanda almakashinsa da bakinsa ba sa hutawa tare, ya ce tun da abin ya samu haka, a ɗan ranta masa daga ciki ya sayi sabon madubi. Na-Riga ya dube shi da tausayi, ya ce kuɗin ba irin na aljihu ba ne, a cikin bambanci suke zaune.

Ba a daɗe ba mutanen layin suka gane akwai motar kyauta. Kai, mutane ba su da kunya. Mai kujerun haya ya loda kujeru, matar tela ta loda keken ɗinki, wani ya kawo firij ɗin da ko wuta ba ya kamawa don kawai ya sha iska. Na-Riga ba ya karɓar ko ƙwandala, har godiya yake yi musu, domin a ganinsa su ke taimaka masa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya bin gajeriyar hanya. Wata tsohuwa da ake kira Kaka ta roƙe shi ya sauke ta a kantin magani na ƙarshen layi saboda ciwon gwiwa. Ya ɗauke ta da hantsi, ya nuna mata gadar da ba ta taɓa gani ba, da masana'antar siminti, da wani ƙauye inda ta haɗu da wata ƙawarta da ta ɗauka ta mutu. Da suka iso kantin an rufe. Ta sauko tana dafa ƙofa, ta ce gwiwar ta warke, yanzu bayanta ne.

Sai lokacin sabis ya zo da wuri, tun da motar ta ci tafiyar shekara a cikin 'yan makonni. Bakanike ya zuba baƙin mai galan bayan galan, ya canza filtar mai da ta dizal, ya faɗi kuɗin. Na-Riga ya dafa bango. Sannan ya ce ba komai, wannan ma da tafiya za a mayar, ma'ana dole a ƙara zagaye. Ya sayar da fankokin shagon da masu su suka manta da su. Ya sayar da wasu da masu su ba su manta ba.

Mai Aski ne ya jefa masa garwashi a riga. Wata yamma, yana cikin yi wa wani gyaran fuska, ya nuna ƙofar Mai Katako da reza. Farar a-kori-kurar nan mai fetur tana fake a gindin bishiya, ganye ya taru a kanta, wata kyanwa tana barci a bonet. Kasuwar katako ta yi sanyi, mutumin bai tada ta ba tun makon jiya.

"To Injiniya," in ji Mai Aski, "shi wannan bai sayi mai ba ko na cikin cokali. Kai kuma kullum kana gidan mai. Wa ke ajiyewa a cikinku?"

Na-Riga ya buɗe baki zai ce ya riga ya sani, maganar ta maƙale. Ya tashi ya zagaya bishiyar, ya dawo, ya sake zagayawa, sai ga fuskarsa ta washe. Ya gano inda ake cutarsa. Ribar dizal a kan fetur take, to in mai fetur ya ƙi tafiya, a kan wa za a ci ribar? Ashe duk wahalar nan da yake sha, maƙwabcinsa na zaune yana sace masa bambanci da rana tsaka.

Ya tafi kai tsaye ya buga ƙofa. Mai Katako ya fito da fensir a bayan kunne, mutum mai sanyin magana wanda ba a taɓa jin ya yi faɗa da ko kaza ba. Na-Riga ya ce masa maƙwabtaka ba haka take ba. Ya ce mutum ya ajiye mota don kawai kada a ga asararsa, wannan ha'inci ne, in yana da gaskiya ya fito hanya a gwada. Mai Katako ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba shi da inda za shi, ba shi kuma da kuɗin mai.

"Ni zan zuba maka," in ji Na-Riga. "Zan cika maka tanki kullum, ka biyo ni, don jama'a su ga yadda kake asara da idonsu."

Mai Katako ya cire fensir ya sosa kai da shi. Ya ce in dai don zaman lafiyar layi ne, zai daure ya yi asarar.

Daga ranar motoci biyu ke fita. Baƙa, ta Na-Riga, a gaba tana hayaƙi, fara a baya tana bi. A gidan mai Na-Riga kan sa a fara zuba wa mai fetur, ya tsaya kusa da famfo yana kallon lambobi na gudu yana tafa hannu, yana kiran masu wucewa su zo su ga abin da fetur ke yi wa bawan Allah. Sannan ya zaro kuɗi ya biya. Masu zuba mai suka fara faɗa a kan wa zai karɓe shi. Mai Katako kuwa, tun da tafiyar dole ce, sai ya riƙa ɗora 'yan katakai yana saukewa a hanya, ya ɗauko buhunan siminti na wani, ya kai gadon wata, duk da kuɗinsu. Kafin wata ya ƙare ya yi wa shagonsa fenti. Kullum da yamma yakan zo benci ya zauna da fuskar tausayi, in an tambaye shi ya ce wallahi yau ma ya sha kashi.

A gida kuwa abubuwa sun fara ɓacewa. Fankar falo ta tafi, rediyo ya bi ta, dutsen guga ya bi rediyo. Kaji sun koma cin rabin abin da suka saba, suna kallon Na-Riga ta cikin waya da wani irin ido. Mai Ƙwai ta haƙura har ranar da ta nemi babbar tukunyarta ta rasa. Ta same shi a tsakar gida yana goge fitilar mota da hular ɗansa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce Mai Burodi ya samu babban aiki, wata makaranta ta ba shi kek na taron yaye ɗalibai, yana son ƙwai ninkin na kullum jibi da safe kafin ya kunna injin kwaɓi. Ta tara na kwanaki, ta karɓo na wata mai kaji ta cika. In wannan ya makara, cinikin ya tafi, gidan kuma ya tafi da shi.

"Ka fita layi, ka miƙe, ka tsaya. Ko makaho ya san hanyar. Ka ji ni, Baban yara?"

Ya ce ya riga ya ji tun kafin ta faɗa.

Ranar ta zo. Suka jera kiret a bayan mota har suka kusa kai rufi, ta ɗaure su da kanta, ta sa tsummoki a tsakani. Gaban motar ma kiret ne a kujera, don haka ta ce ita za ta taka da ƙafa ta jira shi can, tun da nisan bai kai shayi ya huce ba. Ta tafi.

Na-Riga ya tada mota, Mai Katako ya tada tasa a baya kamar kullum. Ya fita layi, ya miƙe. Har ya hango hayaƙin gidan burodi, sai ya tuna Bakanike ya taɓa cewa injin dizal ba ya son gajeriyar tafiya yana da sanyi. Ya kuma tuna dillali ya ce ƙarfin dizal a ƙarƙashin kaya yake nunawa. Yau ga kaya, kayan da bai taɓa samun irinsu ba. A ce rana irin wannan a ɓata ta a tafiyar da ko kaza za ta yi da ƙafa? Zagaye ɗaya kawai, inji ya ɗumama, bambanci ya taru. Hannunsa ya karya sitiyari hagu kafin ma ya gama shawara da kansa.

Mai Katako ya danna hon, ya kunna fitila, ya zuro hannu ta taga yana nuna gidan burodi. Na-Riga ya ɗaga masa babban yatsa. A ransa ya ce mai asara ya fara jin jiki.

Allurar mai tana kwance a ƙasa tun jiya, domin kuɗin tukunya a tankin Mai Katako suka ƙare. Na-Riga ya gan ta sarai. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya ce allurar dizal ba a yarda da ita, mota ce da ko warin mai ta ji sai ta yi tafiyar yini. Ta kuwa yi ƙoƙari, baiwar Allah. Ta wuce asibiti, ta wuce gidan ruwa, ta hau gada ta sauka. Sai da suka dawo cikin gari, suka shiga tsakiyar shatale-talen da ke kallon ƙofar gidan burodi, a daidai lokacin da kowa ke sauri zuwa aiki, sannan ta yi tari, ta yi atishawa, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, ta mutu a gicciye.

Hanyoyi huɗu suka toshe. Hon ya tashi ta ko'ina. Wani direban bas ya leƙo ya tambayi Na-Riga ko gadon shatale-talen ya ci. Na-Riga ya fito ya buɗe bonet, ya ce wa jama'a su kwantar da hankali, hutawa take yi. Wani mai babur ya kawo dizal a jarka, aka zuba, aka murɗa makulli har batir ya fara kuka, ko gezau. Wani direban babbar mota da cunkoson ya rutsa da shi ya ce ai motar dizal in mai ya ƙare mata ƙaf inji ya sha iska, sai an kwance an fitar da iskar, ba kamar fetur ba da za ka zuba ka wuce. Na-Riga ya ce ya riga ya sani. Direban ya ce to me ya sa ya bari. Ya ce gwaji yake yi.

Jami'in ba da hannu ya iso yana hura usur kamar zai haɗiye shi. Mutanen layi ma suka iso, don labari ya riga ya kai musu: Mai Aski da tawul a kafaɗa, mai kujerun haya, matar tela, har Kaka da sandarta. Aka ce a tura. Aka tura, motar ta ƙi, don Na-Riga ya manta birkin hannu. Aka sauke birki, aka tura, ta tafi baya ta taka ƙafar jami'in. A tsallaken titi Mai Burodi yana tsaye a ƙofa, fulawa har gira, yana duba agogo yana duban Mai Ƙwai. Ita kuma tana duban ƙwanta, ga su nan tana gani, ba ta da yadda za ta yi, don motoci sun cushe ko mutum ɗaya da kiret ba zai ratsa ba.

Da ƙyar jami'in ya buɗa 'yar hanya, Mai Katako ya lallaɓa ya shigo gaba da motarsa, ya fito da igiyar da yake ɗaure katako, ya ƙulla baƙa a bayan fara. Ya ce wa Na-Riga ya shiga ya riƙe sitiyari, ƙafarsa a kan birki, in ya ga jar fitila ya taka da ƙarfi, don birkin mota a mace tauri gare shi. Aka fara ja a hankali. Jama'a suka dare.

To a nan ne shaiɗanin lissafi ya sake hawa kan Na-Riga. Ya ji motarsa na tafiya, inji a kashe, ba ta shan ko ɗigo. Ya ji farar motar na nishi a gaba tana jan nauyin biyu. Ya zuro kai da kafaɗa ta taga har ƙugu, yana yi wa taron jawabi.

"Jama'a ku shaida. Yanzu haka dizal tana tafiya a kyauta, fetur yana shan na mota biyu. Mai Aski, kana gani? Wa ke ajiyewa?"

Mai Aski yana nuna gaba da hannu biyu. Na-Riga ya ɗauka jinjina ce. Mai Katako ya tsaya a ƙofar gidan burodi, jar fitila ta kama, ƙafar da ya kamata ta taka birki tana can tana reto a sama.

Ƙarar karon ba ta yi yawa ba. Abin da ya biyo bayanta ne ya yi yawa. Kiret ɗin sama suka yi gaba gaba ɗaya, suka daki bayan gilashi, suka dawo. Na kujerar gaba suka tashi suka sauka a cinyar Na-Riga da ƙirjinsa. Sai aka ji wani sauti kamar ana taka busassun ganye, sannan ruwan gwaiduwa ya fara tsiyaya ta ƙasan ƙofar baya, ya bi kwata, ya nufi takalmin Mai Burodi.

Na-Riga ya fito, ɓawon ƙwai a hula, gwaiduwa na ɗiga daga gemu. Ya dubi taron, ya dubi Mai Burodi, ya gyara murya. Ya ce in aka duba da idon basira, ai dama fasa su za a yi, shi aiki ya rage wa ma'aikata.

Ba wanda ya yi dariya sai Kaka, ita kuwa sai da aka riƙe ta.

Mai Ƙwai ba ta ko dube shi ba. Ta hau bayan motar ta tattare zani, ta fara zaro kiret ɗin ƙasa da ba su fashe ba tana miƙa wa mutanen layi, waɗanda suka sha motar kyauta suka ga yau ranar biya ce. Kusan rabi ya tsira. Ta ce wa Mai Burodi ya fara kwaɓi da waɗannan, saura na zuwa kafin ya gama zubin farko. Ta shiga farar motar, wadda ƙofar bayanta ta lotse amma tankinta ke cike da fetur ɗin mijinta, Mai Katako ya kai ta wurin masu sarin ƙwai ta gajeriyar hanya, suka dawo kafin injin kwaɓi ya tsaya.

Da aka sa kek a wuta, Mai Burodi ya fito yana goge hannu. Ya ce cinikin yana nan, amma da sharaɗi: in ya sake ganin mutumin nan riƙe da sitiyari, ko na motar wasan yara ne, an gama. Mai Ƙwai ta miƙa wa mijinta tafin hannu. Na-Riga ya fara bayanin cewa yanzu ne fa aka kusa cin ribar, ya rage kaɗan. Hannun bai motsa ba. Ya ɗora makullin a kai, yana danƙo.

Direban babbar motar nan ne ya haɗa ta da wani mai jigilar kaya zuwa garuruwa masu nisa, wanda dizal ke yi wa rana da gaske. Ya sayi baƙar motar da ragi. Daga kuɗin aka gyara ƙofar Mai Katako, aka sayi abincin kaji, aka fanso tukunya da fankokin mutane. Abin da ya rage ya isa amalanke mai taya biyu, sabo fil, da katifar soso a ciki. Mai Katako ya zo har gida ya yi jaje, ya ce in an sake shirya wani gwajin a tuna da shi, shi bai ƙi ya ƙara yin asara ba.

Yanzu kullum da safe za ka ga Na-Riga yana tura amalanke cike da kiret, Mai Ƙwai na tafe a gefensa. Ya riga ya gaya wa 'yan benci cewa dama can inda lissafinsa ya dosa ke nan, domin amalanke ba ya shan dizal ba ya shan fetur, kowane taku yana ajiye kuɗin mota biyu. Ya ce da za a bar shi ya riƙa bi ta bayan asibiti da gidan ruwa, kafin shekara sai ya sayi gidan burodin da mai shi.

A daidai kwanar da hanya ta rabu, har yau hannunsa na hagu yakan ɗan yi nauyi, tayar amalanke ta fara karkata. Mai Ƙwai ba ta ko juyowa.

"Miƙe, Baban yara."

"Na riga na miƙe," in ji shi.